Yadda Gwaggo Jummai Ta Sa Wa Gidana Mura

Sallama gare ku 'yan zamani, masu karanta ni a tafin hannu. Ni ce dai Suwaiba ta Cadawa, tsohuwar da haƙoranta suka ƙare amma bakinta yana nan daram. Wata yarinya ta aiko tana tambaya, wai mu ma a zamaninmu an yi kukan namiji? Gyara zama, ɗiyata. Na yi kukan namiji, na yi kukan gida, duk cikin sanyi guda.

Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. Ni bazawara ce ɗanya, na fito daga aurena na fari a Gidan Rumji, gidan gandu mai jama'a kamar ranar kasuwa, inda ko tari ka yi sai an tambaye ka me ka ci a ɓoye. Na dawo gaban Babana, Malam Na'Allah, da akwatina da dogon wuya. Ban gama murmurewa ba sai ga Jibrilla tela.

Kai, Jibrilla! Dogo ne, wankan tarwaɗa, kullum da allura soke a bakin hularsa, in ya yi magana kamar yana tsoron ya tashi jinjiri daga barci. Ni dai na mutu a kansa, ba na ɓoye muku. Aibinsa ɗaya, son araha. In ya tsuguna gaban mai albasa, sai mai albasa ta roƙe shi ya tashi. Ba shi da gida a Cadawa. A shago yake kwana, shi da keken ɗinkinsa, uwarsa kuwa tana can ƙauye, Gidan Sori.

Ranar da manyansa suka zo da goro, Baba bai ɓoye musu ba.

"Ɗiyata ta sha zaman cunkoso ta ƙoshi. Ba ni bada ta ga mai kwana da keke, ba ni kuma bada ta a kai ta gidan gandu. Shi yi gida nashi na kanshi, ko ɗaki biyu ne. Ranar da ya riƙe mabuɗi, ranar za a ɗaura."

To kun ji inda aurena ya rataya. A jikin mabuɗi.

Ana cikin haka sai gwamnatinmu ta sami saɓani da ta Dahome, aka ce ma'aikatansu su koma ƙasarsu. Da ma su ne akawun gyaɗa, su ne malaman lakol, wato makarantar boko, su ne masu gidajen kwano. Dare ɗaya kowa yana neman mai saye. Masu sayen kuwa babu, don gyaɗa ba ta yi wa kowa kirki ba a shekarar. Kuɗin gida ya riƙa sauka kamar ruwan rijiya da bazara. Barmo dillali yana yawo cikin gari da mabuɗai a aljihu suna ƙara, yana tsayar da mutane a hanya yana ce musu, "Zo ka gani kawai, gani ba saye ba ne."

Ku kuna da waya. Mu Gwaggo Jummai muke da ita, ƙanwar Baba, mai tuyar ƙosai a bakin shagon Jibrilla. Ita ke kai saƙo ta kawo amsa, ba ta taɓa yankewa ba, sai dai ta ƙara gishiri. Kullum da hantsi sai ta shigo tana sauke kasko.

"Telanki ya ce a hwaɗa miki an rage kuɗin gida."

"Shi ke nan? Bai ce yana gaishe ni ba?"

"Ya ce. Amma ragin ya hi hwaɗi da ƙarhi."

Ni kuwa na ƙagu in ga gidajen nan da idona. Sai dai a Cadawa in mace ta je duban gidan da ba a ɗaura mata aure a cikinsa ba, kafin ta dawo an yi mata waƙa a bakin rijiya. Gwaggo ta samo dabara. Matan Dahome suna sayar da tukwanensu da kwanukansu, sai mu shiga da sunan sayen kwano, ido kuwa yana aikinsa.

Na ɗaura atamfata mai ganyen taba, na kafa kallabi ya karkata, na rambaɗa kwalli, muka fita. Gidan farko na malamin lakol ne, bayansa mahauta, ƙuda har cikin randa. Na biyu bangonsa ya tsage, kana ɗaki kana gaisawa da mai wucewa. Sai muka isa gidan Akawu, wanda ke auna gyaɗa a sikeli.

Jama'a, har yau in na rufe ido ina ganinsa. Ƙofar katako shuɗiya. Ɗaki biyu da rumfa, rufin kwano, ƙasa shafe da siminti sumul, taga mai murfi da ake turawa da sanda. Ga bishiyar lemun tsami a tsakar gida ta yi 'ya'ya har tana sunkuyawa. Ga madafa mai rufi, wato ko ana ruwa tuwonka ba ya jira. Na tsaya cikin ɗakin na ji shiru. Ni da na shekara biyu ba ni da inda zan yi kuka ba a ji ba.

Matar Akawu, wadda kowa ke kira Madam, tana durƙushe tana naɗe kwanuka cikin tsumma. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi yadda nake shafa bango, ta yi murmushi. Hausarta a karye take amma ana ganewa.

"Ba kwano kika zo saye ba, ko?"

Na rufe fuska da mayafi.

Ta kama hannuna ta zaga da ni. Ta nuna mini inda rana ke fara faɗowa da safe, ta ce nan za ki shanya yaro in kin yi masa wanka. Ta nuna kusurwar da ke ɗiga da damina, ta ce kada ki sa gado nan. Lemun kuwa ta ce ita ta dasa shi shekarar da ta haifi ɗanta na fari, ruwan wanke-wanke yake so, ba na sabulu ba. Tana faɗa hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Na raɗa wa Gwaggo, "Wannan ne. Wallahi wannan ne."

Ta mintsine ni a cinya har na ga taurari da rana tsaka.

"Rufa mana baki, sakarya! Wa ya taɓa yabon kaya gaban mai shi?"

Sai ta ɗaga murya. Wai rumfar ta yi ƙasa. Wai lemu yana kawo maciji. Wai kwano da bazara tanda ne. Haka ake ciniki a wurinmu, abin da ka fi so shi ka fi kushewa, mai kaya ma ya sani, ba ya jin haushi. Tana cikin wannan sai ƙaramin ɗan Madam ya yi atishawa daga bayan akwati. Atishawa ɗaya tak, irin ta yaron da ya yi wasa da ruwa.

Na ga idon Gwaggo ya yi wani haske. Ta ja mayafi ta toshe hanci, ta ja ni waje.

Sai na gaya muku halin da gari ke ciki, don ku fahimci abin da ya biyo. A sanyin nan mura tana yawo gida-gida. Ba wata mai tsanani ba, amma mutane ba su manta da babbar ba, wadda ta zo 'yan shekaru kafin mulkin kai, mai zazzabi da ciwon ƙirji, wadda ta bar gidaje da yawa da tabarmar gaisuwa. Saboda haka kowa a tsorace yake. Yara da tafarnuwa a wuya. Kowane gida ana surace da ganyen dogon yaro. Mutum ya yi atishawa a masallaci sai sahu ya buɗe masa fili kamar sarki.

Akwai kuma wani Alhaji Bakari na Gazawa da ya sa ido kan gidan Akawu, yana so ya mai da shi ma'ajiyar buhu. Aljihunsa ya fi na Jibrilla nauyi nesa ba kusa ba. Shi Gwaggo ta yi niyyar kora.

Ta fara daga bakin kaskonta. Duk wanda ya zo sayen ƙosai sai ta rage murya.

"Ni dai ban ce komi ba. Amma gidan Akawu, hmm. Irin waccan ce, babbar. Kuma kun san siminti. Daɓen ƙasa shina shanye ciwo, rana ta busar. Siminti ba shi sha, ajiyewa shikai. Sai ka shimfiɗa tabarma shi miƙo maka kayanka."

Kafin la'asar magana ta kai rijiya. Kashegari a gidan suna an ce yaron Madam ba ya ɗaga kai. Ranar kasuwa kuwa wata mai daddawa ta rantse wa Gwaggo da kanta cewa mutum biyu sun mutu a gidan, an binne su a ɓoye ƙarƙashin lemu, shi ya sa yake 'ya'ya haka. Gwaggo ta dawo tana dariya har da riƙe ciki.

"Na ba su ƙwai sun mayar mini da kaza da 'ya'yanta!"

Alhaji Bakari ya aiko wa Barmo cewa ya fasa. Akawu ya sauko, ya ƙara saukowa, har ya ce wa Barmo duk wanda ya kawo abin da zai kai su gida da iyalinsa, ya karɓi mabuɗi.

Da yammacin ranar Jibrilla ya zo zance. Na sa rigar da ya ɗinka mini, mai aiki a wuya, na ɗauki mayafi shara-shara don a ga aikin, alhali sanyi na yanka kamar wuƙa. Muka tsaya jikin katanga.

"Tela, Gwaggo ta ce Akawu ya sauko."

"Ya sauko ƙwarai." Yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da Makka.

"To ka biya mana."

"Suwai, ba ki san ciniki ba. Kamyon da zai kwashe su sai Alhamis. Mutumin da mota ke jira, ranar Laraba ba shi da bakin musu."

"Abin da ya ce yanzu, kana da shi?"

"Ina da shi har da saura."

"To me kake jira? Ni ce ba ka gaggawar samu, ko gidan?"

"Haba Suwai. Abin da na rage ai ke zan saya wa gado da shi. Mai rumfa."

Ya daɗe yana ba ni labarin gadon, ni kuwa haƙorana suna haɗuwa. Na shiga gida da hanci yana yoyo.

Ran nan ban sani ba, ashe maganar Gwaggo ta hau jaki ta bi 'yan kasuwa har Gidan Sori.

Talata da hantsi muka ji sallama. Tsohuwa ce 'yar firit, cikin baƙin saƙi, ƙafafunta fari fat da tafiya, ta naɗe hanci da baki da gefen mayafi. Inna Kadi, uwar Jibrilla. Jibrilla na bayanta, kansa a ƙasa, riƙe da igiyar jaki. Aka shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama. Aka kawo ruwa ta ƙi karɓa. Ta tsaya a bakin zaure, mu muna tsakar gida.

Ni kuwa tun asuba atishawa ke yi mini yawo a hanci. Na durƙusa na gaishe ta ina danne ta da harshe a ganɗa.

"Ke ce Suwaiba?"

"Ni ce, Inna."

"An ce kin shiga gidan nan. Har cikin ɗaka. Har matar ta riƙe miki hannu."

Gwaggo ta yi tsalle ta shiga tsakani, tana tafa hannu tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Haba Kadi! Ashe abin da ya taso ki ke nan? Wallahi babu komi a gidan nan. Ni na ƙirƙira! Ni nan, Jummai, a bakin kaskona, don in karya wa ɗanki kuɗin gida. Yaron yana can yana hawan katanga. Ciniki ne, 'yar'uwa, ciniki!"

Inna Kadi ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon Gwaggo.

"Wato jiya kin yi ƙarya don a sayi gida. Yau in kika yi don a ɗaura aure, ta ina zan gane?"

"Na rantse da..."

"Kada ki rantse. Ke kin san abin da kika yi wasa da shi? Waccan shekarar uban wanga yaro ya dawo daga gona ya ce kanshi na ciwo. Bai ga Juma'a ba. Binta ta bi shi. Ishaku, autana, a cinyata ya ƙare, yana ce mini Inna buɗe ƙofa in sha iska, alhali a waje muke. Su ma da atishawa suka fara." Ta nuna Jibrilla ba tare da ta juya ba. "Wanga kaɗai aka bar mini."

Ni ina durƙushe, hawaye sun cika mini ido, rabi na tausayinta, rabi na abin da nake dannewa. Na ciji leɓe. Na matse hanci cikin mayafi kamar mai kunya. Na roƙi Allah ya ba ni ko da minti ɗaya, ta juya ta tafi.

Ba a ba ni ba. Atishawar ta fito, irin mai ƙarfin nan da ke korar kaji. Ta biyu ta biyo. Ta uku.

Inna Kadi ta ja da baya har ta yi karo da jakin. Ta kama hannun ɗanta, babban mutum mai gemu, ta mai da shi bayanta kamar ɗan yaye.

"Jibrilla, ka ji da kunnenka. In ka kwana cikin gidan can, ko ka haɗa numfashi da wadda ta shige shi, ban yafe ba."

Na dube shi. Jira nake ya ce, Inna sanyi ne, jiya a gabana ta tsaya da mayafi shara-shara. Shi ya san haka, shi ya tsayar da ni. Ya gyara wa jaki akumari.

Zazzabi ya kwantar da ni a ranar. Mura ce dai irin ta kowa, aka yi mini surace, aka dama mini kunu da citta da kanumfari. Amma a gari an riga an gama da ni. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa ɗibar wuta. Gwaggo ta bi gida-gida tana cewa ita ta ƙaga, kowa ya ce Allah sarki, tana rufa wa ɗiyar wanta asiri. Ƙosanta ma aka daina saye.

Alhamis Gwaggo ta je tasha ta dawo ba ta ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Sai da na matsa mata.

"Madam ta hau mota babu wanda ya raka ta. Shekara da shekaru tana zaune da mutane, ta yi musu biki ta yi musu mutuwa, yau ko mai miƙa mata hannu babu. Kwanukanta ma a nan ta bar su, an ƙi saye. Ta hango ni daga bisa kaya ta ce, Mama, me muka yi miki?"

"Gidan fa, Gwaggo?"

"An saya."

"Wa?"

Ta tashi ta ce wai ta bar wake a jiƙe.

Ban sami amsa ba sai bayan kwana biyu. Ina kwance da rana sai na ji wata ƙara daga nesa, ƙwaram, ƙwaram, kamar ana kaɗa tire. Tana matsowa. Na ja jiki na leƙa ta saman katanga. Raƙuma biyu ne wani Buzu ke ja. Na gaba an ɗaure masa fallayen kwano gefe da gefe. Na baya yana ɗauke da katakon rufi, da murfin taga, a sama kuma ƙofa shuɗiya tana lilo.

Jibrilla na biye da su.

Ashe ya saya. Ranar Laraba, kamar yadda ya ce, a kuɗin da ko shi bai yi mafarki ba. Uwarsa ta hana shi kwana a ciki, ba ta hana shi ciniki ba. Ya sa aka kware rufin zai kai Maraɗi, inda ba wanda ya san labarin mura, kwano kuwa yana da daraja.

Ya tsayar da raƙuman a ƙofar gidanmu ya yi sallama. Na fito haka nan, ba kwalli, ba kallabin kirki, zane a ƙirji da bargo a kafaɗa. Ya tsaya can tsallaken hanya, ya ja rawani ya rufe hanci.

"Suwai, ya jiki?"

"Ka kware mini gida, Tela."

"Ki saurara ki ji. Abin da zan samu a kwanon nan ya isa in gina miki ɗaki biyu a Gidan Sori, cikin gidanmu, kusa da Inna. Na ƙasa, mai lafiya. In sanyi ya wuce ta ga kin warke, za ta sauko. Riba biyu ke nan."

"Lemun fa?"

"Wane lemu?"

Na dube shi, na dubi ƙofar nan a bayan raƙumi. Kuma don ku san irin wautar da so ke sa mutum, wallahi a lokacin ma ina son sa. Gidan gandun da na gudo daga irinsa, na ji zan iya komawa.

Na ce, "Na ji. Ban ƙi ba. Amma ba na jin ka sosai daga can. Tako ka zo nan inda nake, ka sauke rawanin, ka maimaita mini. In ka yi haka, ko bukkar kara ce na bi ka, Baba kuma ni zan roƙe shi."

Ya dubi ƙasar da ke tsakaninmu. Ba ta fi tsawon tabarma biyu ba. Na ga ya ɗaga ƙafa. Sai tari ya taso mini, ɗan ƙarami, na kasa riƙewa.

Ƙafar da ya ɗaga, baya ya ajiye ta.

"In kin warke, Suwai," ya ce ta cikin rawani. "In kin warke mu yi magana."

Buzu ya ja akala. Ƙwaram, ƙwaram, gidana ya bi hanyar Maraɗi, Jibrilla na bin sa a baya yana duba igiya kada falle ɗaya ya zame. Bai waiwayo ba. Na tsaya har ƙarar ta ɓace.

Da na juya sai na ga Baba tsaye cikin zaure, carbi a hannu. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya matso, ya sa tafin hannunsa a goshina ya ji zafin, ya gyara mini bargon a kafaɗa.

"Shiga ciki ki kwanta, ɗiyata," ya ce. "In ya dawo daga Maraɗi, ni zai tarar a ƙofar nan."